Numfashi da ciki: ina iskar take zuwa, kuma nawa ya kamata a shaƙa?

Koci: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ga wata magana da nake so masana jiki su warware mana. Yanzu kowa cewa yake a riƙa numfashi da ciki: masu gudu, masu karatu, masu hawan jini, har masu fama da rashin barci. Amma in ka tsayar da mutane ka ce kowa ya ja dogon numfashi, yawancinsu kafaɗa za su ɗaga, su banƙaro ƙirji, su shanye ciki kamar soja a fareti. Sauran kuma tumbi suke turowa da ƙarfin tsiya, suna ganin sun gama. Mene ne ainihin abin, kuma yaya ake koyar da shi har ya zauna a jiki?

Dokta: Wa alaikumus salam Koci. Mu fara kawar da kuskure ɗaya: iska ba ta shiga ciki. Huhu kaɗai take shiga, huhu kuwa a ƙirji yake. Abin da ke ɗaga ciki wata tsoka ce mai faɗi, marar kauri, wadda ta raba ƙirji da ciki. A asibiti dayafram ake ce mata. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon layya ya gan ta. Bayan an fito da tumbi da hanji da hanta, akwai wani shamaki da mahauci zai yanka kafin hannunsa ya kai ga huhu da zuciya, gefensa jan nama, tsakiyarsa fari-fari kamar tantani. To ita ce.

A jikin mutum siffarta kamar ƙwarya ce a kife. Bakin ƙwaryar yana manne da haƙarƙari shida na ƙasa a kowane gefe, da ƙarshen ƙashin tsakiyar ƙirji ta gaba, da ƙashin baya wajen ƙugu ta baya. Gefen dama ya ɗan fi tudu saboda hanta na zaune a ƙarƙashinsa. Idan tsokar ta ɗaure, sai ƙwaryar ta baje ta sauko ƙasa, fili ya ƙaru a ƙirji, iska ta shigo da kanta, kamar yadda ruwa ke shiga sirinji in an ja sandarsa baya. A numfashin zaune-kalau saukowar ba ta wuce santimita 1 zuwa 2 ba. A numfashi mai zurfi sosai tana iya kusantar santimita 10. Kayan ciki ba su da inda za su, shi ya sa suke turo fatar ciki gaba da gefe. Fitar numfashi kuwa ba aiki ba ne ga mai hutawa: tsokar ce ke saki, huhu ya koma kamar roba.

Saboda haka ɗagawar ciki alama ce kawai cewa tsokar ta sauko. Wanda ya turo tumbi da gangan ya kwaikwayi alamar, bai yi aikin ba.

Koci: To ke nan kowa da ita yake numfashi, ko ya koya ko bai koya ba?

Dokta: Ƙwarai. A lafiyayyen mutum ita ke ɗauke da mafi yawan aikin shaƙar iska, barci ko farke. Abin da ake gyarawa shi ne ɗabi'ar ɗora aikin a kan tsokokin wuya da kafaɗa, waɗanda asalinsu na ko-ta-kwana ne, ana kiran su in ana gudu ko ana haki.

Baban Zainab (sashen gashi, wato gashin ƙashi na asibiti): Bari in karɓa daga nan, tunda koyarwar ce Koci ya tambaya. A fara a kwance, domin a tsaye tsokokin ciki suna aikin riƙe jiki, ba sa yarda su saki.

Ka kwanta rigingine a tabarma ko katifa mai tauri, ka tanƙwara gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa, ƙaramin matashi a ƙarƙashin kai. Tanƙwara gwiwar nan ba ado ba ne, shi ke sassauta fatar ciki. Ka sassauta tazuge ko bel, mace ta sassauta ɗaurin zani. Hannu ɗaya a saman ƙirji, ɗayan kuma tsakanin cibiya da ƙarshen haƙarƙari. Minti ɗaya na farko kada ka gyara komai, ka lura dai da hannun da ke fara motsi.

Sannan ka fara da fitarwa, ba da shaƙa ba. Nan ne yawancin masu koyarwa ke kuskure. In ka ce wa mutum ya shaƙa, nan take zai ɗaga kafaɗa. Amma in ya fara fitar da iska a hankali ta baki har ta ƙare ba tare da matsi ba, ya rufe baki ya jira, numfashin da zai shigo da kansa kusan kullum ta ƙasa yake shiga. Shi za a kama a gina a kai.

Shaƙa ta hanci, a hankali, kamar daƙiƙa 3 zuwa 4. Hannun ƙasa ya taso, na sama ya kusan tsayawa cak. Fitarwa ta leɓɓa a tsuke, kamar mai hura koko mai zafi ba ya so ya fantsama, daƙiƙa 5 zuwa 6. Kada a ji ƙarar shaƙar daga nesa. In na kusa da kai yana jin fuuu a hancinka, ƙarfin ya yi yawa. Minti 5 ya isa da farko, sau uku ko huɗu a yini, daga baya a kai minti 10. Idan ya zauna a kwance sai a koma zaune a kujera, sannan a tsaye, sannan ana tafiya. Kada a tsallake mataki.

Maman Sadik (nas): Ƙari a kan na Baban Zainab: lokaci. Kada a yi shi bayan an cika ciki da tuwo. Tumbin da ya cika yana tokare tsokar daga ƙasa, ga kwanciya rigingine bayan abinci tana tayar da ƙwannafi. A yi kafin cin abinci, ko a bar awa biyu. Bayan sallar asuba da kafin kwanciya barci sun fi sauƙin riƙewa.

Alaramma: Allah ya saka da alheri. Amma Malam Baban Zainab, ina da ja a kan hannun nan na sama da ka ce ya tsaya cak. Masu karatu da aka koya wa haka sukan ƙare da ƙirji a ƙame, ciki na shiga da fita kamar zugazugin maƙeri, amma numfashin bai kai su ƙarshen aya ba. Haƙarƙari ai dole su buɗe.

Baban Zainab (sashen gashi): Allah ya gafarta Malam, gaskiyarka, kuma shi ya sa na ce "kusan". Hannun sama yana gadin ƙashin wuya da kafaɗa ne, kada su yi tsalle. Haƙarƙarin ƙasa kuwa dole su buɗe gefe, domin ita kanta tsokar, idan ta sauko ta tarar da kayan ciki sun tokare ta, sai ta ɗaga haƙarƙarin da take manne da su waje, kamar mariƙin bokiti in an ɗaga shi. Wanda ya hana su motsi ya yanke rabin aikin.

Ga yadda ake koyar da wannan. A zauna a bakin kujera, a zagaya tawul ko rawani a ƙasan haƙarƙari ta baya, a harɗe bakinsa biyu ta gaba, kowane hannu ya riƙe ɗaya. In ana fitarwa a ɗan ja shi ya matse, in ana shaƙa a bar haƙarƙari su ture shi ta kowane ɓangare, har ta baya. Ɓangaren baya ɗin nan shi ne mutane suka fi mantawa da shi, alhali kaso mai yawa na huhu ta baya yake. Wanda bai ji bayansa na buɗewa ba, ya kwanta ruf da ciki, goshi a kan hannuwa, ya yi numfashi goma. Ƙasa za ta tare cikin, sai ya ji ƙugunsa na ɗagawa.

Hajiya Malama: Ni tambayata ga Dokta ce. Ana yawan cewa dogon numfashi yana ƙara wa jini iskar oksijin, shi ya sa mutum ke jin sanyi a rai. Haka ne?

Dokta: Hajiya, a nan gizo ke saƙar. Ga lafiyayyen mutum, a'a. In kika maƙala masa ɗan abin awon oksijin ɗin nan na yatsa, za ki ga 95 zuwa 100 cikin ɗari tun yana zaune bai yi komai ba. Tulun da ya cika ba ya ƙara ɗaukar ruwa. Abin da yawan shaƙa ke yi shi ne fitar da iskar kabon fiye da ƙima, kuma jiki yana buƙatar wani gwargwado nata a jini. Idan ta yi ƙasa, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa suna tsukewa, sai jiri, sai a ji kamar kiyashi na yawo a yatsu da gefen baki, wani har yatsunsa su ƙage. Mutane sukan ɗauka alamar aiki ce, wai oksijin ya hau kai. Alamar kuskure ce.

Amfanin yana wani wuri daban, bari in yi lissafi. Numfashi ɗaya na babba a hutawa kusan mililita 500 ne, rabin lita, kwatankwacin ledar fiya wata ɗaya. A ciki, wajen 150 suna tsayawa a hanci da maƙogwaro da bututun iska, ba sa kaiwa inda ake musaya da jini. Mai numfashi 12 a minti, kowanne 500, ya motsa lita 6, kuma 350 sau 12, wato mililita 4,200, sun kai wurin aiki. Mai numfashi sama-sama 24 a minti, kowanne 250, shi ma lita 6 ya motsa, amma 100 sau 24 ne suka kai, wato 2,400. Wahala ta fi, riba ta ragu. Shi ya sa in an zurfafa numfashi dole a rage yawansa. Mai zurfi kuma mai sauri shi ne hanyar jiri.

Sanyin rai kuwa daga tsawon fitarwa yake zuwa. Ki ɗora yatsu biyu a jijiyar wuyan hannu, ki shaƙa a hankali, ki fitar a hankali. Bugun zuciya yakan ɗan ƙara sauri wajen shaƙa, ya lafa wajen fitarwa. An fi jin sa a jikin matasa. Duk lokacin da fitarwa ta fi shaƙa tsawo, ɓangaren jijiyoyin da ke kwantar da jiki yana samun ƙarin lokaci.

Koci: To sau nawa a minti ke nan, Dokta?

Dokta: Babba a hutawa yana tsakanin 12 da 20. A lokacin atisaye ana sauka a hankali zuwa wajen 6: daƙiƙa 4 shiga, 6 fita, goma ke nan, sau shida a minti. Wanda ya ji iska na yanke masa a haka ya koma 3 da 4 ko 3 da 5. Lissafin bawan mutum ne, ba ubangidansa ba. Kuma ba a ce a yini ana numfashi shida a minti ba.

Maman Sadik (nas): In jirin ya zo, a tsaya, a rufe baki, a koma numfashin yau da kullum ta hanci, cikin 'yan mintuna zai wuce. Kada a rufa wa mutum leda a fuska wai ya sake shaƙar iskarsa. Ko jakar takardar da aka saba faɗa a da an daina ba da shawararta, domin mai hakin na iya zama mai asma ne ko mai ciwon zuciya, a rage masa oksijin a ƙara masa wata cutar.

Hajiya Malama: Riƙe numfashi fa? Akwai masu cewa a shaƙa, a riƙe daƙiƙa bakwai, sannan a fitar.

Baban Zainab (sashen gashi): Ga mai koyo ba na son sa, Hajiya. Yawanci maƙogwaro suke rufewa su yi nishi a ciki, wuya ya ƙame, mu kuma wuyan muke so ya huta. In za a tsaya, tsayawar daƙiƙa ɗaya ko biyu bayan fitarwa ta fi amfani, maƙogwaro a buɗe.

Maman Sadik (nas): Sai dai wuri ɗaya, Baban Zainab: bayan tiyata. A can riƙewar daƙiƙa 2 zuwa 3 a ƙarshen shaƙa tana da dalili. Wanda aka yi wa aiki a ciki, ko mai jego da aka yi wa tiyatar haihuwa, zafin ɗinki yana sa shi numfashi sama-sama. Ƙananan jakunkunan iska na ƙasan huhu sai su manne, majina ta taru, daga nan zazzaɓi da nimoniya. Abin da ake sa su yi: a ɗaga kan gado ko a jingina da matasai, a rungume matashi a kan ɗinkin da hannu biyu, a ja numfashi mai zurfi a hankali, a riƙe kaɗan, a saki. Kamar sau goma a kowace awa in ana farke, amma a rarraba, uku ko huɗu a huta, kada jiri ya zo. Bayan nan a yi tari, matashin na danne da wurin. Ɗinki ba ya farkewa saboda tarin da aka tallafe. Kuma a sha maganin rage zafi a kan lokaci, domin wanda ke jin zafi ba zai yi ba ko an roƙe shi. Masu jinya su daina hana majiyyaci motsi da sunan tausayi.

Baban Zainab (sashen gashi): Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Manufa ce ta bambanta: can buɗe huhu ake so, nan kwantar da numfashi.

Alaramma: Bari in kawo ɓangaren masu karatu, domin matsalarmu ba shaƙa ba ce, tattali ce. Mai karatu ba shi da daƙiƙa huɗu na shaƙa tsakanin waƙafi da ibtida'i, wato tsayawa da sake farawa, kuma ba a yarda ya saci numfashi a tsakiyar kalma ba. Maddi lazim, wato jan sautin da ya zama dole, haraka shida ne, kamar a ƙarshen Fatiha. Mai karatu da ruwayar Warshu, wadda ita ce aka gada a makarantun allo na ƙasar nan, yana ja shida a wasu nau'o'in maddin ma, wato muttasil da munfasil, saboda haka numfashinsa ya fi saurin ƙarewa a kan na mai Hafsu. Ga haruffan hamsu guda goma, irin su fa da sin da shin da ha, waɗanda iska ke gudu tare da su.

Kuskuren ɗalibai biyu ne. Na farko cika huhu fam har wuya. Wanda ya cika haka, iskar da kanta take son tserewa, sai ya matse maƙogwaro don ya tare ta, murya ta shaƙe, kalmomin farko su cinye rabin abin da ya ɗauka. Na biyu barin haƙarƙari su rufta da zarar an fara. Abin da ake so, a ɗauki abin da ya ishi gaɓar da za a karanta, ta baki da hanci tare, ba ƙara, a bar haƙarƙarin ƙasa a buɗe muddin ana iyawa, ciki na komawa sannu sannu. Gwajinsa mai sauƙi ne: a shaƙa, a fitar da sautin sss siriri, ana kallon agogo, sautin daidai daga farko har ƙarshe, ba ya rawa. A rubuta daƙiƙun, a riƙa ƙara biyu-biyu a kan na makon jiya. Amma duk wannan ba ya maye gurbin sanin inda ake tsayawa. Ayar bashi ta Baƙara, ta 282, wadda ta fi kowace aya tsawo, babu mai huhun da zai kai ta da numfashi ɗaya, ilimin waƙafi ne ke kai mutum.

Dokta: Malam ya faɗi abin da likitoci da yawa ba sa lura da shi. Ƙarin bayani kaɗan: a lokacin karatu ko waƙa, tsokar ba ita ke turo iska waje ba. Tsokar shaƙa ce. Masu cewa "ka yi magana daga dayafram" suna nufin wani abu daidai da lafazi marar daidai. Masu turowa su ne tsokokin ciki da wasu na tsakanin haƙarƙari, su kuma tsokokin shaƙa suna taka birki don kada iskar ta zube gaba ɗaya.

Koci: Mabusan algaita fa? Sai su yi ta busa ba yankewa, kumatu kamar za su fashe. Wannan ma numfashin ciki ne?

Dokta: Dabara biyu ce a haɗe. Kumatun ma'aji ne. Yana matse iskar da ya tara a baki cikin algaitar, a daidai wannan lokacin yana zuƙar sabuwa ta hanci zuwa huhu. Zuƙar nan gajeriya ce mai sauri, kuma da tsokar da muke magana a kai ake yin ta. Da kafaɗa ba za ta yiwu ba, busar za ta yi rawa.

Koci: Madalla. A fagen motsa jiki ga abin da zan ƙara. Mai gudu kada ya tilasta wa kansa hanci kaɗai in gudu ya yi zafi, hanci ba zai wadatar ba, a buɗe baki. Amma a sassarfa da tafiya, musamman da hunturu, hanci ya fi, domin yana tace ƙura, yana ɗumama iska yana jiƙa ta kafin ta isa huhu. Ana iya ɗaura numfashi da taku: uku shiga, uku fita a sassarfa, biyu da biyu in an ƙara wuta. In ciwon nan na kwiɓi ya soki mutum, ya rage gudu, ya danna wurin da yatsu, ya tsawaita fitarwa. Wajen ɗaga nauyi kuma, buhu ne ko ƙarfe, ba a sakin ciki kamar yadda ake yi a kwance. Ana shaƙa ƙasa, a ɗaure ciki ta kowane gefe kamar mai jiran naushi, a fitar da iska lokacin yunƙurin.

Dokta: A ja layi a ƙarƙashin "a fitar lokacin yunƙurin". Riƙe numfashi ana nishi da kaya yana harba hawan jini sama na ɗan lokaci. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai ƙaba, su kiyaye. Kuma tunda an ambaci hawan jini: numfashi a hankali yana iya ɗan sauke shi, amma ɗan kaɗan ne. Ba a ajiye ƙwaya saboda shi.

Anti Ungozoma: Sannunku da ƙoƙari. Mata masu ciki a gyara musu abu biyu. Ciki in ya tsufa yana tura tsokar sama da kusan santimita 4, haƙarƙari kuma su buɗe gefe don su rama. Saboda haka kada a ce wa mai wata takwas ta tura iska cibiya, wurin a cike yake. Hannuwanta a gefen haƙarƙari, ta buɗe gefe da baya. Na biyu, daga tsakiyar ciki zuwa sama, wato bayan mako 20, kada ta daɗe rigingine, nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, sai ta ji jiri da tashin zuciya. Ta kwanta a gefe, an fi son hagu, matashi tsakanin gwiwoyi, ko ta zauna a jingine.

Bayan haihuwa kuma ga maganar ɗaure ciki. In an tamke shi da zani har ba ya motsi, an mayar da numfashi sama, matsin kuma ya koma ƙasa kan tsokokin mara da ba su gama warkewa ba. Waɗannan tsokokin tare suke tafiya da ta numfashi: in an shaƙa su sauka kaɗan, in an fitar su taso. A ɗaura yadda tafin hannu zai shiga, a kwance shi lokacin barci da lokacin atisaye.

Hajiya Malama: Anti, tsofaffi fa masu tarin nan da ba ya ƙarewa, waɗanda suka yi shekaru a hayaƙin murhu ko taba? Su ma a sa su?

Dokta: Bari in amsa wannan, Hajiya, domin a nan ne nake taka-tsantsan. Idan hayaƙi ya lalata huhu, matsalar mutum ba shigar iska ba ce, fitarta ce. Iska tana maƙalewa a ciki, huhu ya kumbura, ya danne ƙwaryar nan har ta zama faifai. Tsokar da ta riga ta baje ba ta da inda za ta ƙara sauka. Wasu daga cikinsu in aka matsa musu su ɗaga ciki, hakin ƙaruwa yake. Alamar da za a duba: in yana shaƙa sai ƙasan haƙarƙari ko cikin ya shige ciki maimakon ya fito. In an ga haka a bari.

Abin da ya fi taimakonsu shi ne tsuke leɓɓa: shaƙa ta daƙiƙa biyu ta hanci, fitarwa ta daƙiƙa huɗu ta leɓɓa a tsuke, ba hurawa da ƙarfi. Tsukewar tana riƙe ɗan matsi a bututun iska, ba sa rufewa da wuri, iskar da ta maƙale ta samu hanya. Sai zaman sunkuyo: a zauna, a ɗan karkato gaba, gwiwar hannu a kan cinya ko a kan tebur. Kayan ciki suna turo tsokar sama ta ɗan dawo da siffarta. Za ki ga tsofaffin suna yin haka da kansu ba wanda ya koya musu, kada a ce su miƙe zaune.

Mai asma kuwa atisayen na lokacin lafiya ne. Idan asmar ta tashi, inhela ce farko, wato abin shaƙar maganinta. In mutum ba ya iya ƙarasa jimla, ko leɓɓansa sun canza launi, ko numfashi ya yanke masa farat ɗaya, ko da ciwon ƙirji, asibiti ne, ba tabarma ba.

Maman Sadik (nas): Yara ma a bambance. Jariri da ciki yake numfashi, ɗagawar cikinsa lafiya ce. Abin tsoro shi ne ƙasan ƙirji ya riƙa lotsawa ciki duk lokacin da ya shaƙa. A ɗaga riga a ƙirga minti ɗaya cif yana kwance shiru, ba yana kuka ba. Ƙasa da wata biyu, 60 ko fiye ya yi sauri. Wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50. Shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Wannan ba na gida ba ne.

Koci: Saura masu cewa sun yi mako biyu hannun ƙasa ya ƙi motsi sam. Me ke hana shi?

Baban Zainab (sashen gashi): A bi su ɗaya bayan ɗaya. Yawanci shanye ciki ne da ya zama ɗabi'a, mutum ya saba ɓoye teɓa har bai san yana yi ba. Maganinsa a tsaya da hannuwa da gwiwoyi a ƙasa, a saki cikin ya rataya, a yi numfashi a haka, nauyinsa da kansa zai koya masa saki. Wani kuma zama ne: ya lanƙwashe a kan waya ko keken ɗinki, haƙarƙari sun zauna a kan ciki, babu fili. Wani gantsarewa yake yi, yana ɗaga ƙugu daga tabarma don cikin ya yi kamar ya taso. A sa tafin hannu a ƙarƙashin ƙugunsa, nauyin da ke kan hannun kada ya canza. Wani hancinsa ne a toshe, sai ya ja da ƙarfi, ƙarfin kuma ya tashi tsokokin wuya. A wanke hancin da ruwan gishiri na kemis tukuna, ko a shaƙa ta baki a hankali har ya buɗe.

In duk ba su ba ne, a ɗora ɗan nauyi a kan cibiya, littafi ko ƙullin shinkafa na rabin kilo zuwa kilo ɗaya. Ba don ƙarfafa tsoka ba, don ido da fata su samu abin bi. Ya tashi a hankali, ya sauka a hankali fiye da yadda ya tashi. In yana tsalle, turawa ake yi.

Alaramma: A zaune fa, Malam, tunda karatu a zaune ake yi, ƙafa a harɗe?

Baban Zainab (sashen gashi): A sa matashi ko buzu a ninke a ƙarƙashin mazaunai, yadda ƙugu zai ɗan fi gwiwoyi tudu. In gwiwoyi suka fi ƙugu, baya zai lanƙwashe, cikin ya matse. Allon ko Alƙur'anin kuma a ɗaga shi a kan abin ɗorawa ya kusanci ido, maimakon a sunkuyar da kai gare shi, domin haɓa in ta sauka kan ƙirji maƙogwaro ma ya tanƙware.

Anti Ungozoma: Matashin ya zama mai tauri dai. Na soso nutsewa yake, bayan minti biyar an koma inda aka fito.